Wane abinci zan saya wa kare da kyanwa a nan Kumasi?

Tambaya daga wata Hajiya a Aboabo: Assalamu alaikum Dakta. Maigida ya kawo ɗan kwikwiyo irin Boerboel mai wata 4 don gadin gida. Muna kuma da muzuru ɗan shekara 3. Ragowar abincinmu muke zuba musu, yanzu an ce mu koma na buhu. Na ga iri-iri a shaguna, har da wanda ake aunawa da olonka (gwangwanin awo) da sauƙin kuɗi. Wanne ne mai kyau? Za su iya cin iri ɗaya? Kuma ina tsoron a ce da naman alade a ciki.

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka da alheri da kika damu da cikin waɗannan bayin Allah. Dabbar da aka tsare a gida ba ta da abin ci sai wanda aka miƙa mata, don haka haƙƙinta yana wuyan masu gidan.

A'a, ba za su ci iri ɗaya ba. Kare ya daɗe tare da ɗan Adam har cikinsa ya saba da hatsi, yana narkar da dafaffiyar shinkafa da masara yana amfana da su, muddin da nama ko kifi a tare. Ita kuwa kyanwa, Allah ya yi ta maciyiyar nama ce. Akwai abubuwan da jikin kare ke haɗa wa kansa amma jikinta ba ya iyawa, sai ta same su a cikin nama. Mafi girma a cikinsu shi ne wani sinadari da za ki ga an rubuta taurine a jikin buhu. Idan ya yi ƙaranci, ganinta yana raguwa a hankali har ta makance, naman zuciyarta kuma ya saki ya kasa harba jini. A shekarar 1987 likitocin dabbobi na jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka suka gano cewa wannan rashin ne ke jawo wa kyanwoyi masu yawa ciwon zuciya, daga nan kamfanoni suka ƙara shi a abincin kyanwa, ciwon ya ragu ƙwarai. Abincin kare ba a yi shi da wannan lissafi ba. Bitamin A ma haka, kare na iya ciro shi daga karas da ganye, kyanwa sai daga hanta da nama. In muzurunki ya saci loma a kwanon kare yau da gobe ba komai, amma ya zama shi ne cimarsa ta kullum, wannan cuta ce da ba a ganinta sai ta yi nisa.

Idan kin shiga shago, ki juya buhun baya, hoton gaba na talla ne. Abu na farko da za ki nema kalma ɗaya ce ta Turanci. Kayan da suka zo daga Turai suna rubuta "complete", wato abincin ya isa shi kaɗai, ko "complementary", wato ƙari ne a kan wani abinci. Da yawa daga cikin 'yan ƙananan gwangwanaye masu kyan gani na kyanwa na biyun ne, mutum ya saya da tsada yana zaton ya gama wa dabbarsa komai. Na Amurka kuma za ki ga jimla mai ɗauke da sunan AAFCO, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a can, tana cewa abincin ya cika kuma ga shekarun dabbar da aka yi shi dominta. Takwararta ta Turai ita ce FEDIAF. Ma'aunin AAFCO ya ce mafi ƙarancin furotin, bayan an cire ruwan da ke cikin abincin, shi ne kashi 18 cikin 100 ga babban kare, 22.5 ga ɗan kwikwiyo, 26 ga babbar kyanwa, 30 ga 'yar kyanwa mai tasowa. Buhun da bai faɗi ko na kare ba ne ko na kyanwa, bai faɗi na wane shekaru ba, babu sunan kamfani da adireshinsa, babu lambar kaya da ranar lalacewa, ki ajiye shi ko da kyauta aka ba ki.

Wannan zancen cire ruwa yana ruɗa mutane. Gwangwani ya ce furotin kashi 10, buhu ya ce kashi 30, sai a ɗauka na buhu ya ninka shi sau uku. Amma abincin gwangwani kusan kashi 80 ɗinsa ruwa ne, to 10 cikin 20 ɗin da ya rage rabi ke nan, kashi 50. Na buhu ruwansa kamar kashi 10 ne, 30 cikin 90 ya ba ki kashi 33. Na gwangwanin ya fi.

Jerin kayan haɗi ana rubuta shi ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci. Ina so in ga kaza ko kifi ko rago a layin farko, musamman ga kyanwa. Masara ko shinkafa a cikin abincin kare ba aibi ba ne, kada ki biya ƙarin kuɗi don an rubuta babu hatsi a ciki. Haka kuma kada ki ƙyamaci abinci don an ce da kayan ciki aka haɗa shi. Mu da muke cin hanta da ƙoda da tumbi mun san darajarsu, sun ma fi tsoka wasu bitamin.

Yanzu ga inda na fi so ki ba ni hankalinki, wato na olonka. A ganina, a garin nan abin da ya fi illata dabbobi ba sunan kamfani ba ne, halin da abincin yake ciki ne a ranar da ya isa kwano. Buhu ya baro Turai ko Afirka ta Kudu lafiya, ya yi makonni a teku, ya zauna a tashar Tema, ya hau mota zuwa Kumasi, ya shiga shago mai rufin kwano. Muddin a rufe yake da hatiminsa kuma kwanansa bai ƙare ba, da sauƙi. Da zarar an farke bakinsa ana ɗiba da olonka, an bar shi ga iska da zafi da laima. Kitsen da aka fesa a jikin ƙwayoyin abincin yana lalacewa ya yi wari irin na tsohon mai, bitamin suna raguwa, ƙwari da ɓeraye suna shiga. Ke mai saye ba ki ga ranar lalacewarsa ba, ba ki san yaushe aka buɗe ba, ba ki ma da tabbacin abin da ke cikin buhun shi ne abin da aka rubuta a jikinsa. Araha ba ta ado, Hajiya.

Laimar Kumasi kuwa kin san ta, daga watan Afrilu zuwa Yuli, ta sake dawowa Satumba zuwa Nuwamba. Ita ce ke raya funfuna a jikin masara da gyaɗa, funfunar kuma tana fitar da guba mai suna afulatoksin da ke cin hanta. Abu biyu suka sa nake tsoronta. Dafuwa ba ta kashe ta, kuma tana iya kasancewa a abincin da ido bai ga funfuna a jikinsa ba. Mu mutane muna sassauya abinci, yau tuwo gobe waake, amma kare abu ɗaya yake ci safe da yamma har buhu ya ƙare, sai gubar ta taru masa. Ko a Amurka mai tsananin bincike, daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta samu rahoton mutuwar dabbobi fiye da 110 saboda abincin buhu mai wannan guba. Alamunta su ne kasala, ƙin cin abinci, amai, da farin ido ko dasashi su koma rawaya irin na mai shawara. Wannan gargaɗin ya shafi tuwon gida ma. Masarar da ta yi ɗumi a buhu har ta sauya launi, da ƙuli-ƙulin da ya kwana biyu, da dusar da ta jiƙe, mutane sukan ce a ba kare tunda mu ba za mu ci ba. Don Allah a daina.

Saboda haka ki sayi buhu rufaffe, daidai wanda zai ƙare cikin mako 4 zuwa 6 bayan buɗewa. Ki bar abincin a cikin buhunsa na asali, ki matse iskar ki naɗe bakin, ki sa buhun gaba ɗaya cikin bokiti mai murfi, a ɗora a kan katako nesa da bango da rana. Duk lokacin da za ki ɗiba ki shinshina. In kare mai ci ya shinshina sabon buhu ya juya baya, kada a tilasta masa da romo, hancinsa ya fi namu. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a baki a jefar. Wanda aka buɗe a juye shi a roba mai murfi a sa a firij, kada ya wuce kwana 2 zuwa 3, in kuma dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ta kwana da ku a zubar da shi. Jiƙaƙƙen abinci kada ya wuce awa ɗaya a kwano a zafin nan namu.

Na gida da ake haɗawa a Gana ba na kushe shi, sau da yawa ma ya fi isowa da sabunta tunda bai keta teku ba. Sharaɗin dai ɗaya ne da na waje: cikakken bayani a jiki, adireshin da za a iya zuwa, da ranar da aka yi shi.

Ɗan kwikwiyonku yana da nasa hukuncin. Boerboel kare ne da kan kai kilo 60 ko fiye, kuma ƙashinsa ba ya gama ginuwa sai ya kai kamar shekara ɗaya da rabi. Ki nemi abincin da aka rubuta na 'yan kwikwiyon manyan karnuka ne, za ki ga "large breed puppy". An rage masa ƙarfi kaɗan don kada ya yi saurin girma, an kuma auna kalsiyam ɗinsa, wato sinadarin da ke gina ƙashi. AAFCO ta ƙayyade kada ya wuce kashi 1.8 cikin 100 ga irin waɗannan. Na san masu sayar da karnuka suna yawan cewa a ƙara ƙwayar kalsiyam don ƙafa ta yi kauri. Ki gaya wa Alhaji kada ya yarda. Hanjin ɗan kwikwiyo ƙasa da wata 6 ba ya iya tace kalsiyam, duk abin da aka ba shi sha yake, yawansa kuma yana karkatar da ƙafafun gaba ya ɓata gaɓoɓi, lahanin da kan zauna har tsufa. Ƙiba ma haka take yi masa. Ɗan kwikwiyo mai tumbi yana burge baƙi, amma nauyi ne a kan ƙashin da bai yi ƙwari ba, kuma girman da Allah ya rubuta masa zai kai ko an gaggauta ko ba a gaggauta ba. A wata 4 a ba shi sau 3 a rana, daga wata 6 a koma sau 2.

Kishiyar wannan matsala tana samun waɗanda suke ba da tsoka zalla don ƙauna. Nama cike yake da fosfaras, kalsiyam ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Ɗan kwikwiyo ko 'yar kyanwa da aka raina da nama da shinkafa kawai, jikinsu yana zare kalsiyam daga ƙashi, har ƙashin ya yi laushi ya karye daga ɗan tsalle.

Sai ragowar abincin gida. Shinkafar da tuwon ba su da laifi, miyar ce matsala. Babu miyarmu da ba albasa, kuma albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, ɗanye ko dafaffe ko gari duk ɗaya. Kyanwa ta fi rauni: kimanin gram 5 na albasa a kan kowane kilo na nauyinta ya isa ya taɓa jininta, wato muzuru mai kilo 4 ɗan yanki ya ishe shi. Illar ba ta fitowa ranar, sai bayan kwanaki a ga dabba ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, fitsarinta ya yi duhu, ba wanda zai tuna da shito (soyayyen yajinmu) ko miyar jiya. Ga gishiri da dunƙulen magi da barkono a kai. Koobi da momoni, kifayen gishirin da muke ɗanɗana miya da su, gishirinsu ya yi wa kyanwa yawa. Ƙashin kaza da aka dafa ko aka soya yana tsagewa ya yi tsini, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji.

Akwai kuma abubuwa biyu da suka zama namu na nan. Goro yana ɗauke da kafeyin da tiyoburomin, sinadaran da ke sa cakulan ya zama guba ga kare, domin jikinsa yana jinkirin fitar da su. Gidan da ake ajiye huhun goro, ko ake shanya 'ya'yan koko na cakulan da aka kawo daga gona, a kiyaye ɗan kwikwiyo, komai ya gani taunawa yake. Yana kawo rawar jiki, bugun zuciya da sauri, har farfaɗiya. A ƙara da inabi da zabibi masu lalata ƙodar kare. Madara kuma, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su. Tunda muna zancen abin da ke shiga baki, ki ja kunnen yara: farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa.

Lokacin Babbar Sallah a ƙara kula. Kitsen layya da ake tara wa kare a rana ɗaya yana iya tayar masa da mummunan ciwon ciki da amai. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne huhu ko hantar da aka yanka aka ga ƙullutu mai ruwa a ciki, aka ce a jefa wa kare. Wannan ƙullutun tsutsa ce. Kare ya ci ɗanye, ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashinsa, yaran gida su kwasa a hannu, ta je ta yi musu irin wannan ƙullutu a hanta ko huhu. A binne irin wannan da zurfi ko a ƙona. Duk naman da za a ba su, daga mahautar Kaase ya fito ko daga mahaucin unguwa, a dafa shi. Ga kyanwa ma dafawar tana kare ta daga wata ƙwayar cuta da ke bin kashinta, mai haɗari ga mace mai ciki.

Ban ce dole sai abincin buhu ba. Na san nauyin aljihu, kuma gara ku sani tun yanzu: Boerboel in ya girma yana cin kamar gram 600 zuwa 700 na busasshen abinci a rana, buhu mai kilo 15 mako 3 ne da 'yan kwanaki. In za ki gwada farashi, ki duba adadin da kowane buhu ya ce a ba kare mai nauyin naku a rana, ki raba, ki ga sidi nawa yake ci kullum. Mai arahar da sai an zuba da yawa kan zo daidai da mai tsadar. Idan ya gama girma, za a iya haɗa masa da girkin gida: a cire nasa kafin a sa albasa da gishiri, shinkafa ko tuwo ko dankali, da dafaffen nama ko kifi ko ƙwai da bai gaza kashi ɗaya cikin uku na kwanon ba, da kabewa ko karas, da ɗan mai, da hanta kaɗan sau ɗaya ko biyu a mako. Kalsiyam kuma daga ɓawon ƙwai da aka tafasa aka busar aka daka lukui, kamar rabin ƙaramin cokali ga kowane rabin kilo na nama. Sai dai girkin gida yana da wuyar cika. A 2013 masu bincike a waccan jami'a ta Davis sun auna tsarin girkin kare guda 200 da aka wallafa a littattafai da intanet, suka samu kashi 95 cikin 100 suna da giɓin aƙalla sinadari ɗaya da jiki ke buƙata. Shi ya sa nake so rabin cimarsa ta zauna a kan cikakken abincin buhu, kuma a watannin nan na girma a tsaya a kan na buhun kawai. Muzuru kuwa ɗan abin da yake ci bai kai a yi masa ƙwauro ba, gram 50 zuwa 60 ne a rana, ƙaramin buhu mai kilo 2 zai kai shi fiye da wata. A ƙara masa dafaffen kifi ko kaza jefi-jefi. Kifi shi kaɗai kullum bai isa ba, ɗanyen kifin amani ma yana lalata bitamin B1, hanta kullum kuma tana sandarar da wuyan kyanwa saboda yawan bitamin A.

Batun alade, tsoronki yana kan hanya. Inda aka rubuta "meat and animal derivatives" ko "meat by-products" ko "animal fat" ba tare da an ambaci dabbar ba, alade na iya kasancewa a ciki. Ki zaɓi wanda ya ambaci dabbar da sunanta, kaza ko kifi ko rago, kuma ki karanta jerin har ƙarshe, domin wani buhun yana da hoton kaza a gaba amma kitsen da ke can ƙasan jerin ba a faɗi na mene ne ba. Hukuncin ciyar da dabba irin wannan da taɓa shi, malaminku ya fi ni sani. Nawa dai shi ne a ware musu kwano da cokalin awo, a wanke hannu bayan an zuba.

Kowane kika zaɓa, kada ki sauya musu rana ɗaya. A ɗauki kwana 7 zuwa 10 ana ƙara sabon ana rage tsohon, in ba haka ba zawo zai sa ki zargi abinci mai kyau. Bayan wata ɗaya zuwa biyu jikinsu zai ba ki labari: kashi a dunƙule ba mai yawa ba, gashi mai sheƙi, kuzari, kuma in kin shafa gefen ƙirji ki ji haƙarƙari a ƙarƙashin ɗan nama ba sai kin danna ba, amma ido bai ƙirga su daga nesa. Adadin da ke jikin buhu mafari ne, hannunki ne zai ce a ƙara ko a rage. Kyanwa takan yi gardama da sabon abu, amma kada a ce yunwa za ta koya mata. Kyanwar da ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yana taruwa a hantarta, abin ya zama na asibiti.

Tunda naki muzuru ne, ruwa ya zama rabin abincinsa. Kakannin kyanwa na jejin busassun ƙasashe ne, daga naman farauta suke samun ruwa, don haka ƙishirwarta ba ta da ƙarfi. Wanda ya koma busasshen abinci yakan sha ƙasa da buƙatarsa, fitsarinsa ya yi kauri, kuma hanyar fitsarin namiji siririya ce mai saurin toshewa. A ajiye masa ruwa mai tsabta wuri biyu ko uku nesa da kwanon abinci, a riƙa haɗa masa da na gwangwani ko romon kaza marar gishiri da albasa, musamman da hunturu. Ranar da kika ga yana tsugunawa yana yunƙuri yana kuka, fitsari ba ya fita ko yana ɗiga da jini, kada a kwana, toshewar tana iya kisa cikin kwana 2 zuwa 3. A kai shi asibitin dabbobi na gwamnati da ke Amakom, ko na makarantar likitocin dabbobi ta jami'ar KNUST da ke nan Kumasi, ko likita mai rajista mafi kusa da ku.

Shi ma ɗan kwikwiyon a kai shi cikin makon nan a auna nauyinsa, a ba shi maganin tsutsar ciki, a duba katin allurarsa, har da ta haukan kare da ake fara yi daga wata 3. Ki ɗauki hoton bayan buhunan da kike tunanin saye a wayarki, likitan ya duba su tare da ke ya rubuta miki adadin da za ki auna a kowane ci. Allah ya sa albarka, ya tsare gida.